Noman Firi a Gonar Wani

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, innarka ma tana gaishe ka, ko da yake tun da aka ce za ka tafi ba ta da aiki sai ɗaure maka kaya da share ido, wai hayaƙi ne. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a mota da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da mugun ji da mugun gani.

Na so in zaunar da kai in faɗa maka wannan da baki, amma na san halinka. In na fara magana sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba," hannunka kuwa yana cikin aljihu yana shafa waya. Shi ya sa na sa a takarda, ka karanta a tsanake.

An ce aikin da ka samu shi ne kula da babbar gonar wani attajiri can kudu da birni, kai za ka riƙa ɗaukar 'yan ƙwadago, kai za ka sallame su. Na yi murna, wallahi na yi murna, har sai da na yi wa mutanen masallaci surutu ya ishe su. Sai dai ubanka ya daɗe a ɗaya gefen, cikin masu tsugunawa a ƙofar gidan mai hali da fartanya a kafaɗa, suna jiran a ce "kai da kai, ku taso." Kai ba ka taɓa tsugunawa a wurin ba, Allah kada ya sa ka tsuguna. Amma ya kamata ka san abin da ke kawo mutum wurin.

Shekarun da nake nufi ba a haife ka ba, yayyenka biyu ne kawai, su ma ƙanana. Gyaɗa ce ta fara juya mana baya. Ita muke sayarwa mu yi sutura mu biya haraji, sai wata cuta ta faɗa mata, ganye ya ƙanƙance, ka tuge ka ga babu komai a gindi. Ba mu gama jajen wannan ba ruwa ya fara ɗaukewa da wuri, bana haka, baɗi haka. Ni a lokacin na ɗauka yunwar ta sami kowa daidai, tunda sama ɗaya ce a kanmu. Da rani na kwashe takin gidanmu kaf, har da na turken awakin innarka, na sayar wa Alhaji Tanko mai manyan gonaki a yammacin gari, ina ta washe baki na samu na cefane. Kai ka san ƙasarmu ta wajen Makoɗa, gida na jikin gona, gona na jikin gida, babu dajin da za ka sari sabuwa, ba a hutar da ƙasa, taki ne kawai ke riƙe da ita. Ashe ƙarfin gonata na ɗauka na kai wa tasa. Da damina ta zo, shukarsa ta yi baƙi ƙirin don kyau, tawa tana ja. Don haka in wani ya kawo maka abu da araha a lokacin matsi, ko da za ka saya, ka fara tambayar kanka me zai rasa baɗi saboda wannan cinikin.

Kada ka ɗauka Alhaji Tanko mugu ne. Sahun farko yake salla, yana fitar da zakka, in an yi rasuwa shi ke ba da likkafani. Shi dai yana da rumbunan da ke kaiwa wata kakar, mu namu ba sa kaiwa. Ya sayi hatsinmu da kaka lokacin da ya faɗi, ya sayar mana da shi da damina lokacin da ya hau. Ko kai aka ɗora a kan rumbunan nan, ban rantse ba za ka yi haka ba.

Ga yadda abin yake tafiya, ka buɗe kunne. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya shuka. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, kuma ta fi shi sauri. Akwai ɗan taƙin da in ka yi noman firi, wato noman farko, geronka ya tsira. In ya wuce, harkiya ta shaƙe shi, ko ka nome daga baya sai dai ka samu kara. To a daidai wannan taƙin rumbun talaka yake ƙarewa. A daidai shi kuma Alhaji yake neman hannu, yana biya da awon hatsi kullum da yamma. Yara na kuka, me za ka yi? Sai ka wuce gonarka tana kallonka, ka je ka nome tasa. Kafin ka dawo taka ta lalace, ka girbe abin da bai kai na bara ba, baɗi rumbunka ya riga na bana ƙarewa, ka koma ƙofar Alhaji tun da wuri. A haka har ranar da za ka kira dattawa su shaida ka sayar. Mutane suna cewa fari ne ya watsa garinmu. Fari ya yi nasa, ban musa ba, amma ni ban taɓa ganin fari ya sayi gonar kowa ba. Duk gidan da ka ga ya zama kango a unguwarmu, in ka bi diddigi za ka tarar mai shi a gonar wani ya yi noman firinsa.

Ni kuma gonata, wadda na gada daga kakanka, tana jikin ta Alhaji, layin gamba ne kawai a tsakaninmu. Ya riga ya aiko mini a mutunce yana tambaya ko zan rabu da ita. Na ce a'a da baki, amma ni da shi duk mun san in na sake yin kaka irin ta bara, da ƙafata zan je in same shi. Ban da wata gona, ban da sana'a. Ranar da ta tafi, sai in ɗauki innarka da yaran nan mu shiga duniya.

A wannan shekarar ce Ɗanlami ya tara mu. Ɗanlami maƙwabcinmu ne, ya girme ni, yana da 'yar gona a gabas da jaki guda, yana kai itace birni ya dawo da taki a mangala. Ba malami ba ne, ba mai baki ba ne, in yana magana har ka ji kamar ka taya shi ƙarasawa don sanyinta. Bayan la'asar, a gindin tsamiyar masallaci, ya ce mana, "Jama'a, ni dai ga abin da na gani. Kowannenmu shi kaɗai gonarsa za ta cinye masa lokaci. In muka haɗa hannu muka yi gayya, kullum sai mu tashi gona ɗaya ko biyu. Mu fitar da namu daga ciyawa tukuna, sannan mu je wa Alhaji."

Gayya ba sabon abu ba ce, mun tashi mun ga ana yi. Amma gayyar da muka sani, mai gona ne yake dafa tuwo da nama ya kira makaɗi, don haka ta mai hali ce. Gayyar mayunwata, wadda babu mai ciyar da wani, ba mu taɓa jin ta ba.

Ni da zafin kaina na miƙe na ce ai ma kada mu je masa kwata-kwata, ciyawa ta cinye tasa ya ji yadda ake ji, na haɗa da maganganun da ba zan rubuta maka ba. Samari suka yi mini shewa, kaina ya ƙara girma. Ɗanlami ya bari na gama kumfar bakina, sannan ya ce, "Ilu, zaginsa kunya nawa zai nome maka?" Aka kwashe da dariya, na zauna ba shiri. Ya ce, "Ba faɗa muke da shi ba. Muna bukatar awonsa, yana bukatar hannunmu. Rana kawai muke so mu gyara." Ka riƙe wannan, Nasiru. Ranar da mutanenka suka tsaya maka a kan wani abu, kada ka tsaya sauraron mai ihu irina. Ka nemi mai sanyin cikinsu ka ji me yake so a gyara, shi ne ke riƙe da maganar.

Sai wani dattijo ya yi tambayar da kowa ke gudu, ya ce, "To kafin mu gama, me za mu ci, me yara za su ci?" Ɗanlami kansa sai zane yake a ƙasa da tsinke. Muka watse a kan kowa ya je ya yi tunani.

Na shiga gida ina ta mita, na ba innarka labari, ba don ina tsammanin komai daga gare ta ba, don dai in huce. Ta shiga ɗaki ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ta sake jawo wani. Ƙanzo ne, Nasiru. Ƙanzon gindin tukunyar tuwo, wanda take kankarewa ta shanya a faifai tun shekarun da muke ƙoshi. Na sha yi mata dariya a kansa, ina cewa abincin awaki take tarawa kamar wata mai shirin yaƙi. Ta ce, "Malam, ku je ku yi nomanku. Abin da za a zuba a baki ku bar mana." Na ce, "Haba, wannan zai ciyar da unguwa?" Ta ce, "Kai kana jin ni kaɗai ce mai tukunya a garin nan?"

Ta aika tsofaffin mata gida gida. Wallahi ban san mata suna da wata duniya a ƙarƙashin gadajensu ba sai ranar. Wannan ta fito da ƙanzo, waccan da dusa, wata da busasshiyar rama, wata da ɗan ƙuli-ƙulin da ta ɓoye wa mijinta. Tsofaffin suka bazu bakin gonaki suna tsinko tafasa da ta fara tohowa. A jiƙa ƙanzo, a kwaɗa da ganye, a fara ba yara, sauran a kai mana gona da hantsi. Ba ƙoshi ake yi ba, ana dai iya ɗaga fartanya. Innarka ce ke rabo, kuma sai bayan shekaru wata maƙwabciya ta faɗa mini cewa sau da yawa ita ruwan jiƙon kawai take sha, ga goyo a bayanta. Na daɗe ina ɗaukar cewa mu maza ne muka yi wannan tsayuwar. In ka yi aure kada ka raina abin da matarka take adanawa, in kuma ka ga ɗan ƙwadago ya tsaya a gonarka yana aiki, ka san akwai wadda ta rage cikinta a gida don ya iya tsayawa.

Muka fara. Ɗanlami ne ke tsara wadda za a bi, ya fara da gonakin da ciyawa ta fi ci da gidajen da suka fi yawan baki. Kai, ban taɓa ganin noma irin wannan ba! Mutane a jere kafaɗa da kafaɗa, babu ganga, babu kirari, sai ƙarar fartanya da numfashi. Tsohon da a gonar Alhaji sai an yi masa tsawa, a nan shi ke gaba. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Da Alhaji ya ga ƙofarsa wayam, ya hau kekensa ya same mu a gona. Ɗanlami ya ajiye fartanya ya je ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Alhaji ya ce, "Ɗanlami, me na yi muku?" Ya ce, "Ba ka yi mana komai ba, Alhaji. Namu muke fitarwa, muna gamawa za mu zo." Alhaji ya ce zai ƙara awo. Na ga maƙogwaron mutane yana motsi, nawa ma ya motsa. Ɗanlami ya ce, "Allah ya ƙara arziki, in mun zo ma karɓa." Alhaji ya ɓata rai ya ce to zai ɗauko mutane daga wani gari. Ɗanlami ya ce, "Allah ya sa a samu, Alhaji, amma su ma ruwan nan ya sauka a gonakinsu. Ni dai na yi maka alkawari, ranar da muka tashi daga nan ni zan fara isa gonarka." Alhaji ya hau kekensa ya tafi. Ban taɓa ganin mutum a durƙushe ya ce a'a da kyau irin haka ba.

Ba kowa ya jure ba. Wasu, bayan an nome tasu, sai aka neme su aka rasa, suna can wajen awo. Na fusata na ce a je a jawo su. Ɗanlami ya hana, ya ce, "Ka san abin da ya tarar a gidansa jiya? Ba ka sani ba, to ka yi shiru." Hannu ya ragu, aiki ya ja, ƙanzo kuma ya kama hanyar ƙarewa. Ran nan innarka ta ce in faɗa wa Ɗanlami abin da ya rage na yini ɗaya ne, daga shi sai kaɗe buhu. Gonaki biyu suka rage, tawa da tasa. Tawa ta zo baya don ni ne ƙarami, tasa kuma shi ya ajiye ta ƙarshe da kansa. Hannun da ya rage ba zai tashi biyu a yini ba. A ƙa'ida tasa za a yi, shi ne babba, shi ya tara mu, ciyawarsa ma ta fi tawa. Na riga na haƙura, har na fara tunanin wace ƙasa za mu nufa.

Da safe na ɗauki fartanya na nufi gabas, gonar Ɗanlami. Ban tarar da kowa ba. Na juyo, sai na hango mutane a jere a tawa, shi ne a kunyar farko. Na zo da gudu na riƙe masa fartanya na ce, "Yaya Ɗanlami, wannan ba daidai ba ne, yau ranarka ce." Ya ce, "Sakar mini, rana na yi. Taka ce a jikin ta Alhaji, ita ake jira. Ni ina da jaki, kai me kake da shi?" Na ce to mu raba hannu biyu. Ya ce, "A yi rabi nan rabi can, a rasa duka? Kama kunya, Ilu." Na kama, ina noma ina kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Washegari muka koma wa Alhaji, Ɗanlami ne ya fara isa kamar yadda ya faɗa. Tasa gonar sai da yamma muke taɓa ta ni da shi, bayan mun tashi, jiki ya mutu. Kafin mu gama lokaci ya wuce, ruwa kuma ya sake ɗaukewa da wuri. Mu da aka nome namu a kan kari mun samu abin da ya riƙe mu, ni har na aika wa Alhaji cewa maganar gona a bar ta. Ɗanlami kara ya girba. Mun haɗa masa dammuna, kowa da abin da ya iya, amma kyautar mayunwaci ba ta kai mutum wata kakar. Da rani ya sayar da jakin, shekarar da ta biyo ya sayar da gonar, ya kwashi iyalinsa ya tafi. Na raka shi bakin titi ina ba shi haƙuri, shi kuma yana ce mini in kula da layin gamban nan kada a ci mini iyaka.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya gyaru. Alhaji bai riƙe mu a zuci ba, shanun noma ya saya, ya rage neman hannu, wasu da yawa suka bi hanyar birni duk da haka. Mai hali kullum yana da wata dabara a gaba. Amma gidajen da ka tashi ka gani a tsaye a unguwarmu, yawancinsu na mutanen da suka jeru a wannan gayyar ne, kuma daga gonar nan aka ciyar da kai aka kai ka makaranta har ka zama abin da za a ba riƙon gonar wani.

Ban ce ka ci amanar ubangidanka ba. Ka yi masa aiki tsakani da Allah, kada ka ɗauki ko zangarniya da ba taka ba. Amma ranar da mutum ya zo maka da fartanya a farkon damina, ka tambaye shi ko ya nome tasa. In bai nome ba, ka duba ko za ka sake shi da wuri, ko ka karkasa su, wasu yau wasu gobe. Ka sallame su kafin su bar gona, kada ka ce sai gobe. In maigidan ya ce a matse su don sun rasa yadda za su yi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗa masa gaskiya da ladabi.

Ɗanlami yana nan da rai. Yana gefen Ungogo, inda ake yanka gonaki ana gina gidaje, a ɗakin haya wajen ɗansa. Ya yi shekaru yana haƙa wa mutane harsashin gini a ƙasar da da gero ake shukawa, yanzu idonsa ya tafi. Motarku ta nan za ta bi, ka sauka, yayanka zai kwatanta maka gidan. Ka durƙusa har ƙasa, ka ce kai ne autan Ilu. Ba zai tambaye ka aikinka ba, ba zai yi maka zancen tasa gonar ba, ni ma bai taɓa yi mini ba. Abu ɗaya yake tambayata duk zuwan da na yi, kai ma shi zai tambaye ka: "Gonar nan tana nan?" Ka ɗaga murya don kunnen ma ya yi nauyi, ka ce masa tana nan, ba a ci ko taku ɗaya ba, bana ma mun yi noman firi a kan kari.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka, ya ba ka tausayin na ƙasa da kai. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Iliyasu